Shida da biyu a Holan: Conte babban koci ne, ko kocin gida kawai?

Ɗan Fagge:
Salamu alaikum 'yan gida. Ina masu cewa Antonio Conte, kocin Napoli, ya fi kowa? Ku fito, gari ya waye. Jiya, 21 ga Oktoban 2025, a gasar Zakarun Turai, PSV ta Holan ta zuba wa Napoli shida, ita kuma ta rama biyu kacal. Zakarun Italiya fa, ba wata ƙungiyar ƙauye ba. McTominay ne ma ya fara ci, har na gyara zama na ce yau 'yan Holan sun shiga uku, ashe reshe ne zai juye da mujiya.

Na daɗe ina faɗa a gidan nan ana ce mini ƙiyayya ce. Mutumin nan kocin gida ne. Ka ba shi gasar cikin gida, wasa ɗaya a mako, zai ɗauko maka kofi. Amma da zarar an kunna fitilun daren Talata da Laraba, sai ka neme shi ka rasa. Ku faɗa mini mafi nisan da ya taɓa zuwa a gasar Zakarun Turai tun da ya zama koci. Kwata fainal ne, sau ɗaya tak, a 2013, Bayern ta yi masa biyu a Jamus ta sake yi masa biyu a Turin. Shi ke nan.

Maman Hanif:
Wa alaikumus salam. Ɗan Fagge, ko karyawa ka yi kuwa? Da sassafe ka taso da Conte a baki. Mu dai 'yan Chelsea ba za mu manta alheri ba.

Ɗan Fagge:
Na karya da ƙosai shida, Hajiya. Biyu na bar wa Napoli.

Auta:
Wallahi Yaya ba ka da dama.

Kawu Juve:
Ɗana, maganarka akwai ƙamshin gaskiya, amma ka fara karatun daga tsakiyar allo. Ku yaran yanzu kun san Conte mai baƙar kwat yana tsalle a bakin layi. Mu mun san Conte mai gajeren wando, kuma wanda bai san wancan ba, ba zai gane wannan ba.

Ɗan Lecce ne, can ƙarshen kudancin Italiya, yankin da 'yan arewacin ƙasar ke yi wa kallon talakawa. An haife shi a 1969, ya fara buga Serie A a 1986 yana ɗan shekara 16. A 1991 Trapattoni ya kawo shi Juventus, kuma bai bar gidan ba sai da ya rataye takalmi a 2004. Shekara goma sha uku. Ku dubi waɗanda ya zauna da su a ɗaki ɗaya: Baggio, Vialli, Del Piero, Zidane, Davids, daga baya Nedved. A cikinsu duka shi ne wanda Allah bai ba ƙafa mai zaƙi ba. Ba ya yanka, ba ya rawa da ƙwallo. Abin da yake da shi huhu ne da zuciya. Idan Zidane ya yi asarar ƙwallo, Conte ne zai bi ta da gudu ya ƙwato ya dawo masa da ita. Da wannan aikin baran ya kai har aka ɗaura masa kambun kyaftin bayan tafiyar Vialli a 1996, a ƙungiyar da ke cike da taurari.

Ya ci Serie A sau biyar yana ɗan wasa, ya ci kofin UEFA a 1993, ya ci Zakarun Turai a 1996. Wannan wasan na Roma da Ajax na kalle shi a gidan wani maƙwabcinmu mai babban faranti, rabin ɗakin suna bayan Ajax saboda Finidi da Kanu. Conte bai ma ƙarasa rabin farko ba, rauni ya fitar da shi, Jugović ya shigo a madadinsa. Aka tashi ɗaya da ɗaya, aka tafi fenareti, kuma Jugović ɗin ne ya buga ta ƙarshe da ta kawo kofi. Bayan nan Juventus ta sake zuwa wasan ƙarshe sau uku yana nan, 1997, 1998, 2003, duka an doke mu. Na 2003 da Milan a Old Trafford har yau yana yi mini ciwo, don Conte ya shigo bayan hutu ya sa wa wata ƙwallo kai ta daki ƙarfen sama. Taƙi ɗaya ƙasa, da labarin ya canza.

Abin da nake so ka gane shi ne, mutumin da ya sami duk abin da ya samu da gumi, ba ya yarda akwai wata hanya sai gumi. Shi ya sa yake horar da mutane kamar za su tafi yaƙi.

Ɗan Fagge:
Ranka ya daɗe Kawu, na ji tarihi kuma na ƙaru. Amma ai Ancelotti ma lamba shida ne mai wahala a zamaninsa, kuma shi ne ma ya horar da Conte ɗin a Juventus daga 1999 zuwa 2001. Ga shi nan da kofin Zakarun Turai biyar a matsayin koci, biyu a Milan uku a Madrid, ya kuma ci lig a Italiya da Ingila da Faransa da Jamus da Sifaniya. Bai taɓa zagin shugaban kulob a gaban 'yan jarida ba. Gira ɗaya kawai yake ɗagawa.

Kawu Juve:
Ancelotti kuma a Juventus me ya ci? Na biyu, na biyu. Ka tambayi manyanka labarin ruwan saman Perugia a 2000, inda kofin lig ya suɓuce mana a ranar ƙarshe.

Malamin Lissafi:
Bari in shigo da alli. Ni ɗan Arsenal ne, ba ni da riba a ko'ina, sai dai ma in ce mu ne muka ƙirƙiro Conte na Ingila da hannunmu. Za mu zo nan.

Maganar Ɗan Fagge ta wasa ɗaya a mako ba zargi ba ne, lissafi ne. Juventus a kakar 2011/12 ba ta buga wata gasar Turai ba, don ta ƙare ta bakwai shekara biyu a jere kafin zuwansa. Ta ci lig ba a doke ta ko sau ɗaya ba. Chelsea a 2016/17 ba ta Turai, don ta ƙare ta goma, ta ci Firimiya da maki 93. Napoli a 2024/25 ita ma ta goma ta ƙare kafin zuwansa, babu Turai, ta ci lig. Inter a 2020/21 ta shiga Zakarun Turai, amma tun Disamba ta fito, ta ƙarshe a rukuninta, ƙasa da Madrid da Gladbach da Shakhtar, ko Europa ba ta samu ba. Daga nan ta miƙe ta ci lig da maki 91.

Dalilin kuwa a fili yake ga duk wanda ya san yadda yake atisaye. Yakan jera 'yan wasa goma sha ɗaya a fili babu abokin hamayya, a yi ta maimaita hanya ɗaya: gola ya ba na baya, na baya ya ba na gefe, na gefe ya cilla wa lamba tara, lamba tara ya ajiye wa na tsakiya. A sake. A sake. Kamar hadda a makarantar allo, sai ƙafa ta haddace ba sai kai ya yi tunani ba. Ga zaman kallon bidiyo mai tsawo, ga gudu. Wannan aiki yana son kwana biyar ko shida tsakanin wasa da wasa. Idan aka ce yau Asabar, Talata kana Holan, Asabar kuma ka dawo, ina lokacin hadda? Kuma ba ya son canza 'yan wasa, sha ɗayan da ya yarda da su su zai yi ta bugawa har su gaji.

Maman Hanif:
Malam, to 2012/13 da 2013/14 fa? Yana buga Turai ya ci lig duka biyun. Na biyun ma maki 102, wanda babu wanda ya taɓa samu a Serie A, wasa 19 a gida ya ci 19. Ka goge wannan daga allon ne?

Malamin Lissafi:
Ban goge ba Hajiya, kin kama ni. Sai dai ki tuna a 2013/14 ɗin ma tun Disamba Galatasaray ta fitar da shi, wasan nan da dusar ƙanƙara ta sa aka dakatar aka ƙarasa washegari, Sneijder ya ci. Ya faɗa Europa, wasan ƙarshe kuma a filin Juventus za a buga, Benfica ta hana shi zuwa bikin da ake yi a tsakar gidansa.

Kawu Juve:
Kada ka tuna mini. Filin Galatasaray ɗin kamar gonar shinkafa.

Maman Hanif:
Ni dai bari in faɗi abin da idona ya gani, gani ya kori ji. Kakar 2015/16 mun zama abin dariya, an kori Mourinho a Disamba, Hazard ya yi wata da watanni bai ci a lig ba, yarana a makaranta ana yi musu waƙa. Conte ya zo, farko-farko ma abin bai yi kyau ba, Liverpool ta ci mu a gida, sannan Arsenal ta yi mana uku da nema kafin a tafi hutu. A cikin wannan wasan ne ya koma 'yan baya uku. Daga nan wasa goma sha uku a jere muna ci, har da huɗun da muka zuba wa United, Mourinho yana raɗa masa magana a kunne bayan an tashi. Sai a Janairu Dele Alli ya tsayar da mu da kai biyu.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai Victor Moses ne. Yaron nan tun 2012 yake Chelsea, amma kamar ɗan riƙo: yau an tura shi aro Liverpool, gobe Stoke, jibi West Ham. Babu kocin da ya ce ga gurbinka. Conte ya dube shi ya ce kai daga yau gefen dama naka ne gaba ɗaya, ka hau ka kai hari, ka sauko ka tare. Matsayin da bai taɓa bugawa ba. Ya buga kusan kowane wasa, ya ɗaga kofin Firimiya a matsayin ɗan sha ɗayan farko. Da Conte ya koma Inter kuma ya sake aikawa aka kawo masa shi a Janairun 2020. Wane kocin ne ya yi wa ɗan Najeriya haka?

Malamin Lissafi:
Moses ɗin da aka kora a wasan ƙarshe na kofin FA saboda faɗuwar ƙarya? Biyu da ɗaya, Ramsey. Ina dai tunawa ne.

Maman Hanif:
Malam ka riƙe kofin FA ɗinka, Allah ya sa albarka. Shekara nawa rabonku da lig?

Na Zangon Kumasi:
Gaisuwa ga manya. Abin da Hajiya ta faɗa a kan Moses, mu nan mun riga ku gani a jikin Kwadwo Asamoah. A Udinese ɗan tsakiya ne, a Black Stars ma haka. Ya zo Juventus a 2012 ya tarar da Pirlo da Vidal da Marchisio, ga Pogba yaro yana tasowa, ina zai shiga? Conte ya mayar da shi gefen hagu. Ya yi kyau, ya ci kofuna, ba mu musa ba. Amma har yau a nan akwai masu cewa an ɗauki mai dabara an mayar da shi ɗan aike, kuma gudun nan na sama da ƙasa ba ƙaramin cin gwiwa yake ba. Kowane alheri na Conte da kuɗinsa, jikinka ne zai biya.

Ɗan Jos:
Yawwa. Tunda an zo maganar 'yan gida, Hajiya ki ba ni amsar Mikel. Ɗan garinmu ne, a nan Jos ya tashi. Shekara goma yana Chelsea, yana cikin waɗanda suka tsaya a Munich a 2012 suka ɗauko kofin da Conte har yau bai taɓa a matsayin koci ba. Laifinsa me? Ƙasarsa ta kira shi gasar Olamfik ta Rio a 2016, ya tafi ya ja ragamar yaran Siasia, suka kawo tagulla, lambar da ita kaɗai Najeriya ta samu a gasar gaba ɗaya. Ya dawo Landan, Conte bai sa shi ko minti ɗaya ba. A Janairun 2017 ya tattara ya tafi ƙasar Sin. Shi Mikel da bakinsa ya sha faɗa cewa tafiya Rio ce ta jawo. Mutumin da shi kansa ya bar aikin horar da ƙasarsa Italiya wata ɗaya kafin nan, shi ne zai hukunta wani don ya amsa kiran tasa ƙasar?

Sannan Diego Costa. Ya ci masa ƙwallo 20 a lig, aka ɗauki kofi, aka tafi hutu, sai ga saƙon waya: ba ka cikin lissafina. Ko ɗan aikin shago ba a sallamarsa haka.

Sannan Osimhen.

Maman Hanif:
Na Mikel ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Amma ka faɗi gaskiya, a wannan kakar wa za a cire, Kanté ko Matić? Fabregas ma a benci yake.

Ɗan Damagaram:
Ina gaida kowa. A kan Osimhen kam kada mu ɗora wa Conte kayan da ba nasa ba. Tun Janairun 2024 shugaban Napoli ya fito ya ce yaron zai tafi a ƙarshen kaka, lokacin Conte yana zaune a gidansa ba shi da aiki. Shi ya zo a Yuni ya tarar da magana ta riga ta ƙare. Ciniki ne ya lalace a ranar ƙarshe, na Chelsea bai yiwu ba, na Saudiyya bai yiwu ba, sai aron Galatasaray. Kuma wa ya yi asara? Osimhen ya ci lig a Turkiyya, ya fi kowa cin ƙwallo, aka saye shi Yuro miliyan 75. Conte ya kawo Lukaku ya ci lig a Italiya. Kowa ya tafi da rabonsa.

Abin da ba ku ambata ba shi ne a tsakiyar wannan kakar aka sayar masa da Kvaratskhelia ga PSG. Wato Napoli ta rasa mutum biyun da suka ɗauko mata kofin 2023, ta ƙare ta goma a kakar 2023/24 bayan ta canza koci uku, amma ya ɗauke ta ya wuce Inter da maki ɗaya, 82 da 81. Da wa? Da McTominay, wanda United ta ga ba ta da buƙatarsa. Ya zama gwarzon ɗan wasan Serie A. Ranar ƙarshe da Cagliari, Conte ma yana saman 'yan kallo saboda jan kati, McTominay ya yi wannan tsallen ya ci, Lukaku ya ƙara. Babu kocin da ya taɓa cin Serie A da ƙungiya uku daban-daban sai shi.

Auta:
Capello fa? Milan, Roma, Juventus.

Kawu Juve:
Na Juventus an ƙwace su a 2006, Auta. Kada ka sosa mini inda ke ƙaiƙayi, mu a wurinmu a fili muka ci.

Auta:
Tuba nake Kawu. Ni tambayata ɗaya ce, gashin nan nasa. Na ga hotonsa na da, gaban kan fili ne fetal, yanzu kuma har yana kaɗawa. Shi ma 'yan baya uku ya koma?

Mai Gidan Kallo:
Auta, a bar kaza cikin gashinta. Ƙwallo muke magana.

Ɗan Fagge:
Duk na ji. Amma ku amsa mini wannan, don ita ce ainihin maganata. Me ya sa duk gidan da ya bari sai wanda ya gaje shi ya fi shi nisa a Turai da yaran da ya ce ba su isa ba?

A Juventus ya yi ta ƙorafin ba a sayo masa 'yan wasa ba, har ya yi maganar nan da kowa ya sani, wai ba a shiga gidan abincin Yuro ɗari da Yuro goma a aljihu. Ya ajiye aiki a Yulin 2014, ana kwana biyu da fara atisayen sabuwar kaka. Allegri ya zo, bai canza komai ba sai ɗan abin da ba a rasa ba, ya fitar da Madrid ɗina a kusa da na ƙarshe, ya kai wasan ƙarshe a Berlin a 2015. Ashe Yuro goman tana sayen abinci. Ya sake kaiwa a 2017.

A Inter ya ci lig, ya ji masu kulob ba su da kuɗi za a sayar da 'yan wasa, ya tafi a Mayun 2021. Aka sayar da Hakimi, aka sayar da Lukaku. Inzaghi ya zo da ragowar, ya kai wasan ƙarshe a 2023, ya sake kaiwa a 2025. To wa ya fi?

Ɗan Damagaram:
Wasan ƙarshe huɗu ka lissafa. Nawa aka ci a ciki? Uku da ɗaya, huɗu da ɗaya, ɗaya da nema, biyar da nema.

Ɗan Fagge:
Sai ka je ake dokanka. Shi ko zuwa bai yi ba.

Kawu Juve:
Ɗana, ka taɓa ganin magini ya kwana a gidan da ya gina? Allegri ya tarar da Barzagli da Bonucci da Chiellini sun riga sun zama katanga. Bonucci kafin Conte, magoya bayanmu da kansu fito suke yi masa. Pirlo, Milan ta sake shi kyauta tana ganin ya ƙare, Conte ya gina ƙungiya a kewayensa, har ya ajiye tsarin da ya zo da shi daga Bari da Siena don kawai Pirlo ya sami wurin tsayawa. Masu cewa ba ya lanƙwasuwa su tuna wannan. Inzaghi kuma ya tarar da Barella da Bastoni da Lautaro da Brozović sun riga sun san mene ne cin kofi, a kulob ɗin da rabonsa da lig tun 2010. Ɗaukar ƙungiya daga ta bakwai zuwa ta ɗaya, da ɗaukar ta ɗaya zuwa wasan ƙarshe, ba aiki ɗaya ba ne. Ni ban ce na biyun ba shi da wuya ba. Na ce na farkon mutum nawa ne a duniya suka yi shi sau huɗu?

Kuma kada a ɗauka daga sama ya faɗo kan kujerar Juventus don sunansa. Ya fara da mataimaki a Siena a 2005. Ya karɓi Arezzo a Serie B a 2006, aka kore shi cikin 'yan watanni, aka kawo Sarri, aka kori Sarri aka dawo da shi. Abin takaici, a wannan shekarar Juventus tana Serie B ita ma, kuma a ranar ƙarshe, mun riga mun haye, Spezia ta zo Turin ta ci mu uku da biyu. Wannan sakamakon ne ya tura Arezzo ƙasa. Gidansa na shekara goma sha uku ne ya kayar da shi, kuma bai ɓoye fushinsa ba. Daga nan ya tafi Bari, ɗan Lecce a Bari, ku tambayi wanda ya san gabar garuruwan nan biyu. Ya hau da su Serie A a 2009. Atalanta ba ta yi masa kyau ba, wata uku da 'yan kwanaki ya ajiye. Ya koma Siena ya hau da ita a 2011. Shekara shida yana cin ƙura kafin a kira shi gida.

Ni abin da ban yafe masa ba ɗaya ne: Inter. Kyaftin ɗinmu, wanda ya yi ta murna a Udine ranar 5 ga Mayun 2002 lokacin da Lazio ta hana Inter kofi, Ronaldo na Brazil yana kuka a benci, shi ne ya je ya sa musu shuɗi da baƙi, ya kuma karya mana jerin kofi tara da shi ya fara da hannunsa. Na fi shekara ban ambaci sunansa ba.

Malamin Lissafi:
Kawu, tunda ana tarihi a faɗi duka. Maganar Siena ba hawa kawai ba ce. A 2012 hukumar ƙwallon Italiya ta dakatar da shi wata goma bisa zargin ya san da maganar sayar da wasa bai kai rahoto ba.

Kawu Juve:
An rage zuwa wata huɗu, Carrera da Alessio suka riƙe benci, ya dawo a Disamba. Kuma a Mayun 2016 kotu a Cremona ta wanke shi. Idan za a faɗi duka, Malam, a kai aya.

Malamin Lissafi:
Na karɓa. To bari in ba Ɗan Fagge abin da zai hana shi barci, ni da na fara goya masa baya. Idan Conte ba ya iya wasan sili ɗaya ƙwale, yaya za mu yi da Euro 2016? Wannan tawagar Italiya, Verratti da Marchisio duk rauni ya hana su zuwa, gaba kuma Pellè ne na Southampton da Eder. Ya ci Beljiyam biyu da nema, Giaccherini da Sunderland ta kasa amfana da shi ne ya fara ci. Ya fitar da Sifaniya mai riƙe da kofi biyu da nema. Jamus zakarun duniya sai a fenareti suka tsira, bayan Zaza ya yi ta taka rawa ya harba sama. Can wasa kowane kwana huɗu ko biyar ne. Bambancin, ina jin, shi ne ya sami makonni yana tsare da su a sansani kafin a fara, haddar ta zauna. Kuma Inter ta je wasan ƙarshe na Europa a 2020, uku da biyu Sevilla ta ci, ta ukun ma a ƙafar Lukaku ta shiga.

Ɗan Fagge:
Kwata fainal dai aka tsaya, Malam. Kuma Sevilla ta ɗauka.

Tottenham fa? Kowa ya yi shiru a kanta.

Auta:
Tottenham ai ba a lissafa ta a kan kowa. Mourinho ma haka ya fito.

Maman Hanif:
Ya karɓe ta a Nuwamban 2021 tana tangal-tangal, ya ƙare na huɗu a saman su Malam, Son ya raba takalmin zinare da Salah. Kakar da ta biyo kuma ku ji tsoron Allah. Cikin wata uku ya rasa mutum uku: Ventrone, mai horar da motsa jikinsa da suka sani tun Juventus, a Oktoba, Mihajlović a Disamba, Vialli a Janairu. A Fabrairu aka yi masa tiyata aka cire masa matsarmama. Iyalinsa suna Italiya, shi kaɗai a Landan. Da ya fito bayan uku da ukun Southampton ya ce 'yan wasansa masu son kai ne, ya haɗa har da masu kulob ɗin da shekara ashirin ɗinsu, ni ban ga koci ba, na ga mutumin da ya gaji. Kwana takwas aka raba gari.

Ɗan Jos:
Allah ya ba kowa haƙurin rashi. Amma Hajiya, a Chelsea wa ya rasu? Shekara guda yana ƙorafi a gaban 'yan jarida, aka ƙare na biyar, aka kore shi, aka je kotu, kulob ya kashe sama da fam miliyan 26 a kan sallamarsa da mutanensa. Hali zanen dutse. Juventus uku, Italiya biyu, Chelsea biyu, Inter biyu, Tottenham ko biyun ba ta cika ba. Napoli yanzu tana shekara ta biyu, an kawo masa De Bruyne, an kawo masa Højlund, amma jiya bayan wasa har ya fara maganar wai sababbin sun yi yawa. Da ba a sayo ba laifi, an sayo laifi.

Ɗan Damagaram:
Wannan kam ba ni da amsarta.

Kawu Juve:
Ni ma ba zan kare shi a nan ba. Haka yake tun yana ɗan wasa, ranar da aka ci shi ba ya gaisawa da kowa. Sunan 'yarsa ma Vittoria, wato nasara. Amma Ɗan Fagge, in tambaye ka tsakani da Allah. A ce gobe Madrid ta ƙare ta goma, ɗakin 'yan wasa ya rabu biyu, babu Turai. Ancelotti za ka kira ko Conte?

Ɗan Fagge:
Madrid ba ta ƙarewa ta goma, Kawu.

Kawu Juve:
Haka muka ce kafin 2006.

Maman Hanif:
Bai amsa ba fa. A rubuta.

Ɗan Fagge:
To, Conte zan kira. Kwantiragin shekara ɗaya, ba ƙari. Ranar da aka ɗaga kofi a ranar zan raka shi filin jirgi da kaina, in kira mai gira ya karɓi makulli.

Mai Gidan Kallo:
Jama'a, Asabar Napoli ce da Inter a filin Maradona. Jiya da aka ɗauke wuta ana huɗu da ɗaya wasu sun ce da gangan na ƙi tayar da janareta don in rufa wa Conte asiri, wallahi fulogi ne, an canza yau da safe. Babbar talabijin ta Serie A ce ranar, masu Firimiya ku yi haƙuri da ta kusa da ƙofa. Kawu, kujerarka ta gaba tana nan. Wa za ka goya wa baya, tunda duka biyun ba naka ba ne?

Kawu Juve:
Alƙalin wasa.